Bayan An Kashe Gobara

Ranar da gobara ta tashi a gida, ba wanda yake tambayar ina buhun masara yake. Da an ji kururuwa sai unguwa ta fito, mai bokiti da mai jarka, 'yan ga-ruwa su juyo da kurarsu ba tare da an yi ciniki ba. Samari su sa kafaɗa su ɓalle ƙyauren zaure, wasu su fasa katanga ta baya don a samu hanyar miƙa ruwa. Ana sheƙa ruwan nan ko'ina, ɗakin da ke ci da wanda ba ya ci, har sito, don kada wuta ta tsallaka. In Allah ya sa aka ci ƙarfinta, aka ƙirga yara aka same su cif, sai a shiga jaje: "Tunda an tsira da rai ai da sauƙi, Alhaji. Allah ya mayar da alheri." Kuma gaskiya aka faɗa.

Sai dai maigida yana da sauran asarar da bai ƙirga ba tukuna. Ƙofar da aka ɓalle ta kwana a buɗe, ramin katanga yana nan, awaki da ɓeraye da masu ɗan hali duk sun ga hanya. Sito kuwa, da yake wuta ba ta taɓa shi ba, ba wanda ya leƙa. Sai bayan mako biyu uwargida ta je ɗibar hatsi, tana kwance bakin buhu wari ya buge ta, ashe funfuna ta cinye shi tun daga gindi. Abin da wuta ta bari, ruwan ceto ya lalata.

Haka idon mutum yake zama idan cutar numfashi, irin korona ko mura mai tsanani, ta kai shi ɗakin da ake kwantar da waɗanda suke rai-kwakwai-mutu-kwakwai. Gobarar tana huhu. Can hankalin kowa yake, can kuma ya kamata ya kasance. Na'urorin da ke kewaye da gadon an yi su ne don su yi ƙara idan iska ta ragu a jini, ko zuciya ta sauya bugu, ko ƙarfin jini ya faɗi. Babu ko ɗaya da ke ƙara saboda ido ya bushe. Shi kuma mai idon an ba shi maganin barci, an zura masa bututu a maƙogwaro, ba shi da bakin da zai ce wani abu yana sukar sa a ido. Ita kanta ƙwayar cutar ba ta cika yi wa ido mummunar ɓarna ba. Takan kawo jan ido da ɗan zubar ruwa ga wasu 'yan kaɗan, ya wuce cikin kwanaki. Abin da ke makantarwa yakan biyo baya ne, ta hanyoyin da aikin ceto ya buɗe.

Mai lafiya yana ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya bai ma sani ba. Kowace ƙiftawa tana shimfiɗa sabon hawaye a kan garai-garan tantanin nan da ke rufe baƙin ido, wanda kaurinsa rabin milimita ne da ɗan ɗoriya, kuma babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. Ta hawaye yake samun iska, hawayen ne kuma mai gadinsa. Akwai wani sinadari a cikinsa da ke fasa bangon bakteriya, wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922, shekaru kafin ya gano fenisilin. Akwai wani kuma da ke ƙwace sinadarin ƙarfen da ƙwayoyin cuta ke buƙata kafin su hayayyafa. In barci ya zo, tsokar da ke kewaye da ido ta ja fatar ta rufe ruf, ƙwayar idon ta ɗan juya sama ta ɓuya.

Maganin barci mai nauyi da maganin sakin tsoka, waɗanda dole ne a bayar don jiki ya daina kokawa da na'urar numfashi, su ke dakatar da wannan gadin gaba ɗaya. Rufe ido aiki ne na tsoka. In tsokar ta saki, sai fatar ta tsaya ba ta haɗu ba. Wani lokaci tazarar ba ta taka kara ta karya ba, sai an duƙa an haska tocila ake ganinta, amma ta isa. Iskar na'urar sanyaya ɗaki na bi ta wurin. Wanda ba a sa wa bututu ba, aka ɗaura masa marufin fuska mai tura iska da ƙarfi, shi ma bai tsira ba, domin iskar takan tsiyaya ta saman karan hanci ta riƙa hurawa cikin ido kai tsaye, dare da rana. Tantanin ya bushe, samansa ya fara zaizayewa. Likitan ido yakan ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa ya haska shuɗiyar fitila, sai duk inda ya kwaile ya fito kore shar. Alƙaluman da likitocin Birtaniya ke aiki da su sun nuna cewa cikin kowane mutum biyar da ke kwance a irin wannan ɗakin, ɗaya zuwa biyu idonsu yakan bushe har ya kai ga haka. Wannan tun kafin korona ke nan.

Da korona ta zo sai ta ƙara nata. Tun 2013 wani gwaji da aka yi a asibitocin Faransa da Sifen ya nuna cewa kifa mai matsanancin ciwon huhu rub da ciki, aƙalla sa'a 16 a jere, yana rage mutuwa ƙwarai. A 2020 wannan ya zama aikin yau da kullum a asibitoci da yawa da ke da na'urar numfashi. Amma fuskar da ta wuni ta kwana a kife takan kumbura. Farin ido ya sha ruwa ya bulluƙo waje, ya hana fatar sama da ta ƙasa haɗuwa. Wanda zai duba idon kuma sai ya durƙusa a gefen gado ya leƙa ta ƙasa, yana sanye da rigar leda har ƙafa, gilashin fuskarsa ya yi tururi, ga wasu gadaje uku ko huɗu na jiransa a lokacin da ƙa'ida ta ce nas ɗaya ga majinyaci ɗaya. Ba na ganin laifin wanda bai durƙusa ba. Ina dai cewa ƙofar ta kwana a buɗe.

Ɓarawon kuma ɗan gida ne. Akwai wata bakteriya mai suna sudomonas da ke son wuri mai damshi: bakin famfo, wurin wanke hannu, cikin bututun na'ura, da maƙogwaron shi kansa majinyacin. Mutumin da ke kan na'ura ba ya iya tari, saboda haka lokaci-lokaci sai an zura siririn bututu an zuƙe masa kaki. A 1983 wasu likitoci a Amurka suka buga wani rahoto a mujallar Lancet wanda har yau ake ambatonsa. Sun lura cewa ciwon idon da ke kama majinyatansu ya fi yawa a idon hagu, kuma ƙwayar da ke cikin idon ita ce dai wadda ke cikin kakin. Da suka tsaya suka kalli yadda ake aikin sai suka gano dalili: masu zuƙar kakin, in sun gama, sukan janyo bututun a karkace ta saman fuskar, ya bi ta kan idon hagu yana ɗiga. Ba sakaci ba ne irin wanda ake kai mutum gaban kwamiti a kansa. Yadda hannu ya saba ne kawai.

Idan sudomonas ta sauka a kan tantani mai lafiya, hawaye zai wanke ta. In ta sauka a kan wanda ya kwaile, sai ta kama. Da farko ɗan farin ɗigo ne. Kafin kwana biyu ko uku ya faɗaɗa, mugunya ta taru a gindin baƙin idon, tantanin ya fara narkewa, domin ƙwayar tana fitar da abin da ke cin nama. In an farga da wuri, ana ɗiga magani mai ƙarfi kowace sa'a, dare da rana, a ceci idon, ko da yake sau da yawa yakan bar hakiya. In an makara sai ya fashe.

Abin da ke ba ni takaici shi ne arahar abin da ke hana wannan. A ɗakin da kowace na'ura kuɗinta zai gina gida, maganin ido bai wuce auduga da ruwan gishiri mai tsabta da man ido da filasta ba. Ga yadda nas da ta san aikinta take yi. Ta wanke hannu, ta ɗaga fatar idon da yatsa a hankali, ta haska tocila ta gefe ta ga ko tantanin yana sheƙi ko ya dushe. Ta goge kwantsa daga gefen hanci zuwa waje, auduga ɗaya ido ɗaya. Ta ja fatar ƙasa ta matsa mai a ciki, ta haɗa fatun biyu da hannu, ta tabbata gashin ido bai lanƙwashe ya shige ciki ba. In sun ƙi zama a haɗe sai ta ɗora filasta a kwance ta riƙe su. A wasu asibitoci ana yanka 'yar siririyar leda irin ta rufe abinci a shimfiɗa daga gira zuwa kunci, don damshin ido ya tsaya a ciki. Bayan sa'a huɗu ta dawo ta sake. In za a zuƙe kaki ta rufe idon tukuna, ta janyo bututun ta gefe. Duka-duka aikin 'yan mintuna ne. A 2017 ƙungiyar likitocin ido ta Birtaniya da ta masu kula da irin waɗannan ɗakuna suka fitar da ƙa'ida a rubuce kan wannan, kuma jigon abin da ta ce kan kare ido shi ne abin da na zayyana. A ganina abin da ya fi komai tasiri shi ne a yi wa ido gurbi a takardar da nas ke cikewa a gindin gado. Abin da aka yi wa gurbi ana duba shi. Wanda ba a yi wa ba sai an tuna.

Ramin katanga ya fi wuyar sha'ani, domin ta ciki ake shiga, ko da ƙofa na rufe. Majinyacin da ya daɗe a kwance yana da robar da aka cusa cikin babbar jijiyar wuya ko ta ƙirji, ta nan ake ba shi magani, wani lokaci har abinci. Yana da robar fitsari. An ɗura masa magungunan kashe bakteriya iri-iri na makonni, sun share na kirki da na banza, sun bar fili. Sai wani yis mai suna kandida, wanda dama yana zaune lafiya a fata da hanjin mutane da yawa, ya bi robar ya shiga jini. Bangon bayan ido yana daga cikin wuraren da jini ya fi gudana a jiki, don haka can yakan yada zango. Daga nan ya keta zuwa cikin ruwan nan mai kauri da ya cika ƙwayar ido, inda garkuwar jiki ba ta cika kaiwa ba, magani ma ba ya shiga da sauƙi. Bakteriya irin su kilebsiyela ma sukan bi wannan hanyar, kuma sun fi yis sauri da mugunta. Daga waje ido yana iya zama fari tas. Mutum sai ya farfaɗo, ko ma ya koma gida, sannan ya ce yana ganin baƙaƙen abubuwa na yawo, ko hazo ya rufe ido ɗaya. 'Yan'uwa su ce rashin ƙarfin jiki ne, "Baba, ka yi haƙuri, in ka samu abinci zai washe." Ba ya washewa. Maganinsa allura ce da ake yi cikin ƙwayar idon kanta, in ta ƙi kuma a yi tiyata a zuƙe ruwan da ya gurɓace, kuma kowace rana da aka ƙara tana rage abin da za a ceto.

Sai batun ruwa, wanda shi ne babba, kuma Indiya ce ta gan shi da idonta.

Abin da ke kashe mai korona a mako na biyu sau da yawa garkuwar jikinsa ce da ta tashi haiƙan tana ƙona huhun da take ƙoƙarin karewa. A watan Yunin 2020 wani babban gwaji da Jami'ar Oksfod ta jagoranta ya gano ruwan da ke kashe wannan wutar: deksametason, tsohon magani mai araha daga dangin sitiroyid. Miligiram 6 a rana, kwana goma ko ƙasa da haka. Ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'ura, da kusan ɗaya cikin biyar ga masu shaƙar oksijin kawai. Gwajin ya faɗi wani abu na uku, wanda bai samu tallar da na farko suka samu ba: ga wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba, maganin bai amfana da komai ba. Ɗakin da ba ya ci ba ya buƙatar ruwa.

A watannin Afrilu da Mayu na 2021 nau'in Delta ya mamaye Indiya. A farkon Mayu an kai ana samun sama da mutum 400,000 sababbin kamu a rana guda. Gado ya ƙare, oksijin ya ƙare, mutane na mutuwa a cikin mota a ƙofar asibiti. A irin wannan halin, abin da ke hannu shi ake bayarwa, kuma sitiroyid na hannun kowa. An ba mai tsanani, an ba mai sauƙi, an ninka adadi, an wuce kwana goma, wasu kuma sun saya a kemis sun sha a gida bisa takardar maganin da ke yawo a WhatsApp. Ga shi ƙasar na da masu ciwon suga kimanin miliyan 77 a ƙididdigar 2019, da yawansu ba su ma san suna da shi ba. Sitiroyid yana ɗaga sugan jini, yana kuma kwantar da fararen ƙwayoyin jinin da aikinsu shi ne cinye funfuna kafin ta tsira. Hatsi mai zaƙi ya jiƙe sharkaf a ɗaki mai ɗumi.

Funfunar da ta biyo baya ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya taɓa mance burodi a cikin leda ya ga 'yar'uwarta, farin gashin nan mai ɗigo-ɗigon baƙi. Tana cikin ƙasa, da taki, da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, kuma kowa na shaƙar ƙurarta kullum ba ta yi masa komai. Ba a ɗaukar ta daga wani mutum. Amma a jikin da suga ya yi yawa, musamman in jini ya yi tsami, sinadarin ƙarfen da ke ɗaure a jini yakan kwance, ita kuwa abin da take nema ke nan. Sai ta tsira a cikin hanci da kogunan da ke gefensa. Halinta shi ne shiga cikin jijiyoyin jini ta toshe su, naman da ke gaba ya mutu ya yi baƙi. Wannan baƙin mataccen naman ne ya sa jaridun Indiya suka riƙa kiran ciwon baƙar funfuna. Likitoci na kiransa mukomaikosis.

Tsakanin kogon hanci da kurmin ido ƙashin da ke akwai bai fi takarda kauri ba. Funfunar na keta shi. Mutumin da aka sallama, 'yan'uwa na ta barka da arziki, sai ya wayi gari hanci ya toshe ta gefe ɗaya, kunci na ciwo ko ya mutu ba ya jin taɓi, haƙoran sama na girgiɗi, wata majina mai duhu ko mai jini na fita. Kwana biyu fatar ido ta kumbura ta faɗo, idon ya turo waje ya daina juyawa, abu ɗaya ya zama biyu, daga nan gani ya ɗauke. Bayan kurmin ido kuma ƙwaƙwalwa ce. Yawanci alamun sukan fara ne kwana 10 zuwa 15 bayan an gano koronar, daidai lokacin da kowa ya saki jiki.

Wani likitan tiyatar ido a Mumbai, Akshay Nair, ya shaida wa BBC cewa a watan Afrilun 2021 kaɗai ya ga kimanin mutum 40, kuma 11 daga cikinsu sai da aka cire musu ido. Ba ƙwayar idon kaɗai ake cirewa ba. Ana kwashe duk abin da ke cikin kurmin, tsoka da kitse da jijiya, wani lokaci da ɓangaren ganda da muƙamuƙin sama, don a tare ta kafin ta kai ƙwaƙwalwa. Ranar 20 ga Mayun 2021 gwamnatin tarayyar Indiya ta nemi jihohi su sa ciwon cikin waɗanda dole a kai rahotonsu, ƙarƙashin wata dokar annoba da Turawan mulkin mallaka suka kafa tun 1897. Kafin ƙarshen Yuli an ƙirga sama da mutum 45,000, fiye da 4,000 sun rasu. Jihohin Maharashtra da Gujarat suka fi shan wuya. An samu irinsa a Masar da Iran da Pakistan, amma ba inda ya kusa Indiya, wadda dama tun kafin korona take kan gaba wajen yawan wannan ciwo.

An yi ta zarge-zarge a lokacin. Wasu suka ce ruwan da ake zubawa a kwalbar oksijin ne, wasu suka ce takunkumin da ba a wankewa, wasu suka ce ƙwayoyin zink da mutane ke ta sha. Likitocin idon Indiya suka tattara bayanan majinyata 2,826 suka buga a tsakiyar 2021. Kashi 78 cikin ɗari masu ciwon suga ne. Kashi 87 an ba su sitiroyid. Amma waɗanda koronarsu ta kai ga buƙatar oksijin kashi 57 ne kawai. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluman biyu na ƙarshe, a wurina, ita ce labarin: mutane da yawa ne aka jiƙa musu sito alhali wuta ba ta kama gidansu ba.

Maganin funfunar shi ma wani aiki ne. Sunansa amfoterisin B, an samo shi a shekarun 1950 daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar gaɓar kogin Orinoko a Benezuwela. Tsohon samfurinsa yana cin ƙoda, yana sa zazzaɓi da kakkarwa. Sabon, wanda aka lulluɓe da maiƙo don ya rage illa, tsada gare shi. Ana bayar da aƙalla miligiram 5 kan kowane kilo na nauyin mutum a rana, kwalba ɗaya kuma miligiram 50 ce. Mai kilo 60 ke nan kwalba shida kullum, na makonni, kowace kwalba kuma a lokacin dubban rufi ce, kuɗin Indiya. A watan Mayun 2021 ko mai kuɗi bai samu ba. Iyalai suka riƙa bin layi daga gari zuwa gari, kasuwar bayan fage ta buɗe, har manyan kotunan jihohi suka shiga maganar rabon maganin. Ita kuwa funfuna ba ta jiran layi.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to, a daina sitiroyid, a daina kifa majinyaci, a daina sa roba a jijiya. Wanda ya hana a watsa ruwa don tsoron funfuna zai rasa gidan da siton baki ɗaya. Deksametason ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, kuma mafi yawan waɗanda suka sha shi bisa ƙa'ida ba abin da ya samu idonsu. Ƙa'idar ce abin dubawa: a ba wanda ya cancanta, a ba shi gwargwado, a tsaya a ranar da aka ce, a riƙa auna suga kullum a sauke shi da insulin in ya hau, sannan a gaya wa mai ciwon suga da iyalinsa tun a bakin ƙofar sallama cewa ciwon kunci ko toshewar hanci ta gefe ɗaya ba abin jira ba ne. A nan ne nake jin maganar ta taɓa mu. Deksametason ɗin nan dai ana sayar da shi a kemis-kemis na garuruwanmu ba tare da takardar likita ba, ana haɗa shi cikin kullin maganin mura da ciwon jiki, akwai kuma masu shan sa don su yi ƙiba. Masu ciwon suga da ba su taɓa gwaji ba kuwa muna da su a kowace unguwa.

Akwai kuma wata cutar da ake ɗauka ta numfashi wadda ta daɗe tana makantar da 'ya'yanmu tun kafin a ji sunan korona, wato ƙyanda. Hanyar kusan ɗaya ce, sai dai a nan ba na'ura, ba ɗaki na musamman. Ƙyanda tana karya garkuwar yaro, tana kuma zuƙe ɗan bitamin A da ke jikinsa, wanda shi ke riƙe da damshin ido da lafiyar tantaninsa. Ga zazzaɓi, ga gudawa, ga ƙin cin abinci. Yaron da dama bai ƙoshi ba, idonsa sai ya bushe, tantanin ya yi laushi, wasu ƙwayoyin cutar su samu mashiga. A 1979 likitoci biyu da suka yi aiki a arewacin Najeriya, John Sandford-Smith da Hilton Whittle, suka buga bincike kan gyambon ido da ke biyo bayan ƙyanda a yaran yankin. Da yawa daga manyan da muke gani da farar hakiya a ido tun suna yara, nan suka samo ta.

Mai ƙyanda ba ya son haske, sai ya runtse ido gam, kwantsa ta manne fatun. Uwa na fama da zafin jiki da tari, tana addu'ar ƙurajen su fito su huce, ba ta ga dalilin takura wa yaro da buɗe masa ido ba. Kaka ta ce, "Ki bar shi, 'yar nan, in ya samu sauƙi zai buɗe da kansa." In ma an taɓa idon, to wani abu aka ɗiga: ruwan ganye, ko nono, ko tozali, ko maganin ɗigawa na kemis wanda aka gauraya da sitiroyid, wanda in ya sauka a kan gyambo yakan ƙara masa zurfi. Sai ranar da yaron ya buɗe ido a ga baƙin ya koma fari.

Allurar rigakafi ce ke hana ƙyandar tun farko. In ta riga ta kama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowane yaro bitamin A sau biyu, yau da gobe, ko da ya sha a baya: ma'auni 200,000 ga ɗan shekara ɗaya zuwa sama, 100,000 ga ɗan wata shida zuwa goma sha ɗaya, 50,000 ga wanda bai kai wata shida ba. In idon ya riga ya nuna alama ana ƙara na uku bayan 'yan makonni, a haɗa da man ido mai kashe bakteriya. Ma'aikacin lafiya kuma dole ya buɗe idon ya duba ko yaron na kuka, bayan ya jiƙa kwantsar ta yi laushi, ya raba fatun daga kan ƙashin gira da na kunci ba tare da ya danna ƙwayar ba, domin tantanin da ya riga ya yi laushi yana iya fashewa a ƙarƙashin yatsa.